Addar da Na Ƙera da Biro

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da za a wanke min ƙwaƙwalwa da sabulun salo, da yammacin Asabar ɗin da na kusa haɗa yaƙi a ƙauyenmu da biro guda ɗaya. Biron ma ba nawa ba ne, na Yaya Rabi ne.

Yaya Rabi ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta. Tana digiri na biyu a wata jami'a a Kano, kuma sunan karatun nata ya fi kanal ɗin garinmu tsawo: tsaron ƙasa da ƙasa, da rikici, da laifuka, da shari'a. Inna ta yi ta yi ta kasa riƙe shi, in an tambaye ta sai ta ce, "Karatun raba faɗa take yi." Baba kuwa in ya zauna a majalisa cewa yake 'yarsa ta kusa fara sasanta ƙasashen duniya. (Wannan fa Yaya Rabin da in zakarun Inna suka kaure da faɗa, ɗaki take gudu.)

Malamin da ke duba aikinta, wanda kullum take kira Dakta, ya ce mata kafin ta je ga ƙasashen duniya ta fara da gida. Ta yi bincike kan zaman manoman rani da makiyaya a yankinmu, nan tsakanin Kura da Bunkure. A kan wannan binciken digirin ya rataya. In ya yi kyau, shi ke nan. In ya lalace, shekara biyu na sammako da shiga motar Kano sun bi ruwa.

Ɓangaren Fulani ita da kanta ta yi. Wata biyu tana zirga-zirga zuwa rugar Ardo Bello, tana zama da matan, tana shan kindirmo har ta yi kumatu, kafin Ardo ya yarda mutanensa su buɗe mata baki. Ɓangaren manoma ne ya zo daidai da jarrabawarta, ni kuma muna hutun makaranta. Sai ta kira ni, ta miƙo min takardun tambayoyi guda talatin da biro, ta ce in na gama tsohuwar wayarta ta zama tawa.

"Ka saurare ni da kyau, Auta. Kada ka rubuta sunan kowa, doka ce. Shekarun mutum, abin da yake nomawa, da inda gonarsa take. Sannan abin da ya faɗa. Abin da ya faɗa kawai."

"Yaya, sai ka ce ba ki san ni ba."

"Don na san ka ɗin nake maimaitawa."

Ranar farko na fita da gaskiyata, Allah ne shaida. Na sa farar riga, na maƙala biro a aljihu, na bi bakin kanal ina tafiya irin ta ma'aikatan gwamnati. Manomi na farko na same shi a duƙe cikin tumatir.

"Baba, kuna samun rikici da makiyaya?"

"Lafiya lau."

"Ba su taɓa yi muku ɓarna ba?"

"Sai godiya. Miƙo min kwandon can."

Na biyu ya ce lafiya lau. Na uku ya ce lafiya lau, ya kuma tambaye ni ko gwamnati ce za ta raba taki. Na huɗu ya sa na taya shi tsinkar tumatir har azahar, farar rigata ta koma kamar ta mahauci, sannan ya ce, "To, rubuta lafiya lau." Na biyar ko ɗagowa bai yi ba.

Na zauna gindin mangwaron da ke bakin kanal, na tsoma ƙafafuna a ruwa, na dubi takardun nan biyar. Nan shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni, shi ma ya tsoma nasa ƙafafun. Ya ce min: yarinya tana karatun rikici, kai kuma za ka kai mata lafiya lau talatin? Ai Dakta faɗar da ita zai yi. Wa ya taɓa samun digirin rikici da lafiya lau? (Ku lura, ba rana nake gudu ba, ba kuma ƙwallon da ake bugawa a filin firamare nake so in je ba. Taimakon 'yar uwata nake yi. Haka na gaya wa kaina, kuma na yarda.)

Cikin kwana biyu, a gindin mangwaron nan, na yi hira da manoma ashirin da biyar ba tare da na ɗaga ɗuwawuna ba. Duk wanda ya faɗo min a rai sai in rubuta shekarunsa da gonarsa, in sa masa magana a baki. Sunan kowa ban rubuta ba, don ni mutum ne mai bin doka.

Wadda na fi ƙawatawa ita ce ta goma sha bakwai. Akwai wani dattijo, Baba Garba, da ya taɓa zane ni da tsumagiya a kan kokwamba guda biyu kacal. Sai na rubuta: manomi, shekara sittin da biyar, yana noman tumatir a bakin gada ta biyu. Ya ce shanun rugar da ke bayan gonarsa sun cinye masa tumatir sau uku. Ya ce haƙurinsa ya ƙare. Ya ce ya wasa adda ya ajiye ƙarƙashin gado, yana jiran karo na huɗu.

Da na karanta, ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi.

Yaya ta dawo ƙarshen mako, ta zauna tana dubawa, tana yamutsa fuska.

"Mutanen garin nan ne suka faɗi wannan? Ni da na gaishe su, ba wanda ya nuna min komai."

"Yaya, ke mace ce, kuma 'yar boko, kunyarki suke ji. Ni kuwa tare muke cin rogo a gona. Sakin jiki suke da ni."

Ta dube ni na ɗan lokaci. Tun tana sakandaren kwana rabonta da zaman ƙauye na sosai, don haka ba ta da abin musu. Ta miƙo min wayar. Na yi kwana goma ina ɗaukar kaina hoto.

Sai ga labari: Dakta ya karanta, hankalinsa ya tashi. Ya ce abin da Fulani suka faɗa da abin da manoma suka faɗa sun yi nisa da juna, kamar ba gari ɗaya suke ba. Kafin ta rubuta komai, dole a tara ɓangarorin biyu a karanta musu abin da aka samo, su tabbatar. Kuma da kansa zai zo.

Da na ji, na ture kwanon tuwona gefe. Amma na lallashi kaina: ai ba suna. Wa zai gane wa?

Ranar Asabar bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dagaci, ƙarƙashin darbejiya. Manoma suka zauna ta dama, da yawansu daga gona suke, da shebur da fartanya a gefensu. Fulani suka zauna ta hagu, kowa da sandarsa, kamar yadda suka saba. Dakta yana kan kujera kusa da dagaci, siririn mutum mai tabarau da ɗan littafi. Baba yana sahun gaba, ya sha babbar rigar Sallah. A tsakiya kuwa, kan tabarma guda, Baba Garba ne da Ardo Bello, sun raba goro ɗaya suna ci.

Nan ne na gane na tafka kuskure. Na manta, ko kuma ban taɓa damuwa in lura ba, cewa mutanen nan biyu aminai ne. Duk shekara in an yanke shinkafa, shanun Ardo ne ke sauka a gonar Baba Garba su cinye kara, su kwana, su bar masa taki. Kowa a garin ya sani. Ni ma na sani. A gindin mangwaro ne kawai ban sani ba.

Yaya ta miƙe ta yi sallama, ta gode wa kowa. Ta yi bayani a dunƙule, cewa wasu manoma sun koka da ɓarna. Dagaci ya ce, "'Yata, ba mu misali ɗaya, don mu san inda za mu kama."

"Ranka ya daɗe, ba a faɗar suna. Amma ga wani manomi mai shekara sittin da biyar, mai noman tumatir a bakin gada ta biyu, ya ce shanu sun cinye masa tumatir sau uku."

Nan ta tsaya. Maganar adda ta haɗiye ta, don tana da hankali.

Abin da Yaya ba ta sani ba, ni kuma na manta, shi ne a bakin gada ta biyu kowa albasa yake yi. Mutum ɗaya ne mai tumatir. Kawuna kusan sittin suka juya lokaci guda, kamar an ja su da igiya, suka tsaya kan Baba Garba.

Goro na bakinsa. Ya dubi dama, ya dubi hagu.

"Ni?"

Ardo ya ce, a hankali, "Garba, shanun wa?"

"Wane shanu? Ni ban faɗa ba."

"Ba wata ruga a bayan gonarka sai tawa."

Dagaci ya miƙa hannu. "Kawo takardar in gani." Yaya ta ja baya kaɗan, ta ce doka ba ta yarda ba. Ya ce a ƙofar gidansa ake, kuma mutumin da ake ɓoyewa ga shi kowa na kallonsa. Ta dubi Dakta, kafin Dakta ya buɗe baki takarda ta kai hannun dagaci. Dagacinmu tsohon malamin firamare ne, kuma irin masu karatu da ƙarfi ne, baki na gaba, tunani na biye. Ya karanta tumatir. Ya karanta haƙuri ya ƙare. Sai da ya furta "ya wasa adda ya ajiye ƙarƙashin gado" sannan ya ji abin da ya faɗa.

Wurin ya yi tsit har ana jin kukan injin ban ruwa daga can nesa.

Babban ɗan Ardo ya miƙe tsaye, sanda a hannu. Ƙannensa biyu suka miƙe. Ta dama wani saurayi ya jawo sheburinsa kusa da ƙafarsa, wani kuma daga baya ya ce, "Ai dama an daɗe ana haƙuri." Wani Bafulatani ya ce, "Ku da kuka nome burtali kuke maganar haƙuri?" Burtalin nan, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, ashe tsohon ciwo ne, ni ban ma san da shi ba balle in rubuta.

Ardo bai miƙe ba. Ya ajiye ragowar goronsa a kan tabarma.

"Shekara ashirin shanuna suna kwana a gonarka, Garba. 'Ya'yana a bukkarka suke fakewa in ana ruwa. Addar ta wace ce a cikinsu?"

Baba Garba ya cire hularsa. "Bello, a kawo Alƙur'ani. Wallahi ba wanda ya zo ya tambaye ni komai. Ko takardar ban taɓa gani ba."

Ni a lokacin ina bayan darbejiya da jakar ruwan leda da aka ce in raba. Ina lissafin taku nawa ne daga nan zuwa kanal, da ko in na faɗa ruwan zai kai ni Bunkure kafin magariba.

Sai na ji muryar Dakta. Ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Rabi'atu, ke kika yi wannan hirar?"

Yaya ta juyo. Idonta ya same ni a bayan bishiya, ta dube ni kallo ɗaya, na san ta gane komai, tun daga gindin mangwaro har shaiɗan. Sai ta mayar da kanta ga Dakta.

"Bincikena ne, Dakta. Duk abin da ke cikinsa ni ke da alhakinsa."

"Kin san abin da jami'a ke yi wa wanda ya ƙirƙiri bayanai."

"Na sani."

Ni ma na sani, don ta taɓa gaya min: kora ce, ba digiri, ba komawa. Na dubi Baba cikin babbar rigarsa, kansa a ƙasa. Na dubi Yaya, tsaye ita kaɗai tsakanin masu sanda da masu shebur, tana shirin ɗaukar laifin da ba nata ba.

Zan so in ce muku na fito kamar jarumi. Gaskiyar ita ce ƙafafuna ne suka fito, ni ina biye. Jakar ruwan ta suɓuce, leda biyu suka fashe a kan wandona, a daidai inda bai kamata ba. Haka na tsaya a tsakiyar taro, a jiƙe.

"Ranka ya daɗe, ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni ne manomin. Ni ne... duka. Guda biyar ne kawai na gaske. Sauran a gindin mangwaro na rubuta."

Dagaci ya dube ni ta saman takardar. "Addar fa?"

"Ba adda, ranka ya daɗe. Biro ne."

Ba wanda ya yi dariya. Ɗan Ardo bai zauna ba. Ya ce ta yaya za su san ba rufa wa tsoho asiri ake yi ba, an turo yaro ya ɗauki laifi? Dagaci ya gyaɗa kai, ya karɓi sauran takardun daga hannun Yaya, ya miƙo min.

"Karanta. Duka. Da ƙarfi. Duk wanda ya ji kansa ya ɗaga hannu."

Jama'a, an taɓa zane ni a gaban asambule, an taɓa kama ni ina kwaikwayon tafiyar liman, liman ɗin na bayana. Duk wasa ne. Na fara karantawa. Manomi mai alkama kusa da famfon makaranta ya ce wani bijimin sa ya bi shi da gudu har kan bishiya: wani dattijo da ko kan jaki sai an ɗora shi ya ɗaga hannu. Manomi mai albasa a ƙarshen kanal ya ce ya yi dambe da Fulani bakwai: aka ce ai wannan tun bara ya koma Madobi. Wata dariya ta kuɓuce daga ɓangaren hagu, aka danne ta. Ƙannen ɗan Ardo suka zauna.

Da na zo ta ashirin da biyu na tsaya. Na ce rubutun ya goge. Dagaci ya ce bai goge ba, daga nan yana hango shi.

"Manomi, shekara hamsin da takwas, mai shinkafa da tumatir, 'yarsa tana jami'a..."

Baba ya ɗaga hannu a hankali, ba tare da ya ɗago kai ba.

"Tambaya: me ka fi tsoro a harkar nomanka? Ya ce... ya ce shi ba ya tsoron makiyaya, ba ya tsoron tsutsar tumatir. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, ya dawo daga kasuwar Bunkure ya manta saƙon Inna."

Wurin ya fashe da dariya. Manoma da Fulani, har da Dakta da ya rufe fuska da littafinsa. Ɗan Ardo ya zauna yana riƙe ciki. Ardo ya share hawaye da bakin rawaninsa ya ce, "To wannan kam an yi hirar." Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya dube ni, irin kallon da ke nufin akwai ragowar taro a gida. (An yi. Ba zan ba da labarinsa ba.)

Ardo ya ɗauki goron da ya ajiye, ya ɓantara, ya miƙa wa Baba Garba. Baba Garba ya daɗe kafin ya karɓa. Da ya karɓa sai ya nuna ni da shi. "Kokwamba biyu," ya ce. "A kan kokwamba biyu ka so ka sa a kashe ni." Ashe bai manta ba shi ma.

Dakta ya yanke nasa hukuncin a nan take. Ba za a kori Yaya ba, tunda gaskiya ta fito kafin a rubuta komai. Amma takardun talatin duka sun mutu, har da biyar ɗina na halal, kuma laifinta ne da ta ba wani aikin da ya kamata ta yi da kanta. Sai ta sake daga farko. Abokan karatunta suka gama suka sa hular yaye, ita sai da ta ƙara wata shida.

Dagaci ma ya yanke nasa. Duk gonar da Yaya za ta je, ni ne zan fara shiga, in durƙusa, in ce, "Baba, ni ne na yi maka ƙarya, ka yafe min," sannan in koma gefe in riƙe mata lema. Gona ashirin da biyar. A ta Baba Garba sai da na kwashe takin shanun Ardo a kwando na baza masa fangali-fangali, su biyun suna zaune a inuwa suna gyara min aiki.

Abin haushin shi ne, da Yaya ta zauna da su, ta yi shiru, ta jira, bayan "lafiya lau" ɗin akwai magana. Maganar burtali, maganar masu gonar sama da ke tare ruwa kafin ya kai na ƙarshen kanal, abubuwan da ko a mafarki ba zan iya ƙirƙira ba. Ni da na ji lafiya lau sai na tashi. Ita da ta ji sai ta gyara zama.

Wayar dai Yaya ta karɓe abarta tun a daren ranar, ta ba Inna. Wata uku ba ta kira ni Auta ba, sai "kai". Ranar da ta kare bincikenta a gaban malamai ta dawo gida, ta wuce ni a zaure, sai ta dawo da baya ta dungure min kai ta ce, "Ka gode Allah ka fito daga bayan bishiyar nan." Shi ke nan sulhun da aka yi, daga ƙwararriyar sulhu.

Har yau in na bi ta gada ta biyu, yaran ruga kan ɗaga min sanda su ce, "Mai Adda, ina gajiya?" Nakan ce lafiya lau. Kuma na koyi darasi: in za ka yi wa mutum ƙarya a takarda ba suna, to kada ka yi a garin da kowa ya san gonar kowa. Mafi sauƙi ma, in dattijo ya ce maka lafiya lau, rubuta lafiya lau, ka miƙa masa kwandonsa.